Neman Yoyo da Busar da Laima a Esin Jirgin Ruwa

Duk mai gyaran esi da ya koyi sana'a a Kano, Kaduna ko Maraɗi ya san wata al'ada. In ɗaki ya daina sanyi, sai a ɗaura geji, a ce gas ya ragu, a ƙara, a karɓi kuɗin aiki. A ƙasar da hunturu ke tsaga leɓe, wannan dabara takan yi watanni asirinta bai tonu ba. Amma ranar da neman abinci ya kai mutum tashar jiragen ruwa, Apapa ce ko Onne, Tema ce ko Duwala, ranar zai gane cewa teku ba ya rufa wa aikin gaggawa asiri.

Gas ɗin esi ba kamar fetur yake ba. Ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa, zagaye kawai yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, akwai ƙofar da ya bi. Kuma da zarar matsin ciki ya faɗi, ta wannan ƙofar laima za ta shigo, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa aikin nan biyu ne a jere: a toshe ƙofa, sannan a busar da ciki. A duka biyun kuma awo ne ke yanke hukunci. Agogo da ƙiyasi ba su da ta cewa.

Abin da ya bambanta esin jirgi da na gida

Esin gida iska ce ke ɗauke masa zafi a waje. Na jirgi kuwa galibi ruwan teku ne. Famfo yana jawo ruwa ta bawul ɗin ƙasan jirgi, ya bi ta rariya, ya ratsa kwandensa, ya fita ta gefe. A ƙananan jirage kwandensar bututu ne cikin bututu, a naɗe kamar gammo: ruwa a na ciki, gas mai zafi a tsakanin biyun. A manyan jirage wani dogon tulun ƙarfe ne da siraran bututai masu yawa a jere cikinsa. Akan yi bututan da tagulla gauraye da nikel, wasu da titaniyom, don su jure gishiri.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Tsakanin gas ɗinka da ruwan da ke ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ɗan siririn bangon ƙarfe ne kawai. Yashi na goge shi, ƙananan halittun ruwa na maƙale masa, tsatsa na cin sa a hankali. Ga kuma girgizar babban inji da ba ta tsayawa dare da rana, tana sassauta noti, tana gajiyar da wurin walda. Iskar ɗakin inji kanta jiƙe take da gishiri. In ka buɗe bututu a nan ka bar shi, laimar da zai sha ta fi wadda zai sha a rani a Sakkwato nesa ba kusa ba.

Ɓarnar da laima ke yi

Ta farko ita ce ƙanƙara. Inda gas ke matsewa ya faɗa ɓangaren sanyi, wato a bawul mai tsuke gas ko siririn bututun nan mai kama da tsinke, ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya daskare ya toshe hanya. Alamarsa sananniya ce: esi ya yi sanyi na ɗan lokaci, ya daina, a kashe shi ya huta, ya dawo lafiya, can kuma ya sake.

Ta biyu ta fi muni domin ba a ganinta. Injinan da ke amfani da R-410A, R-407C da R-134a yawanci da man POE suke aiki, shi kuwa wannan mai shan laima yake kamar gishiri a damina. In ya haɗu da ruwa da zafi, sai ya ruɓe ya haifi asid. Asid ɗin yana cin rufin wayoyin kwamfureso, yana kankaro tagulla daga jikin bututu ya shafe ta a sassan da ke juyawa, yana tara dauɗa mai kauri. Ranar da kwamfureso ya ƙone, sai a ce tsufa ne ko wuta ce ta yi yawa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kayan da ba a shiga aiki sai da su

Kana buƙatar injin kwashe gas da tukunyar adana shi, da sikeli. Kana buƙatar silindar busasshen naitirojin da regiletarta, da geji mai kyau, da ma'aunin zafi. Na neman yoyo kuwa, ruwan kumfa da na'urar shinshina gas. Na busarwa, famfon zuƙa mai hawa biyu, wanda masu sana'a ke kira bakiyum, da sabon mansa, da gajerun tiyo masu faɗi, da ɗan makullin cire zuciyar bawul, da sabuwar diraya mai tsotse laima a rufe cikin ledarta. Sai uban tafiya, gejin maikiron. Wanda ba shi da wannan geji bai busar da inji ba tukuna, zato kawai yake yi.

Mataki na farko: kwashe gas, kare rai

Kashe wuta, ka rataya alama a makunni, ka sanar da babban injiniya. Buɗe hanyar iska. Gas ɗin esi ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya kwanta a ƙasan jirgi, ba shi da launi, kusan ba shi da wari, kuma yana korar iskar numfashi. Mutum ya sunkuya a wurin, sai jiri ya ɗauke shi. Kada ka shiga matsattsen wuri kai kaɗai.

Ragowar gas a kwashe shi cikin tukunya, a auna, a rubuta. Sakin sa a iska ɓarna ce, kuma a teku sakin wasu nau'o'insa laifi ne. Rataye na 6 na yarjejeniyar MARPOL ya haramta sakin gas mai lalata rufin ozon da gangan, irin su R-22, ya hana kafa sababbin injinan da ke amfani da irinsa a jirage tun daga 1 ga Janairu, 2020, ya kuma wajabta wa manyan jiragen da ke ɗauke da shi ajiye littafin da ake rubuta duk abin da aka zuba ko aka kwashe. R-410A ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya fiye da kilo 2,000 na hayaƙin kabon.

Akwai tarko a nan da mai gyaran esin gida bai saba da shi ba. Yayin da kake kwashewa, ruwan gas da ya rage yana tafasa, yana sanyi ƙwarai. A matsin iskar waje, R-134a na tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, R-22 a 41, R-410A a kusan 51. Ruwan teku kuwa yana daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili. In ruwa na kwance a kwandensa, zai daskare ya fasa bututu, ka zo gyara yoyo ɗaya ka haifi na biyu. Don haka ko dai ka bar famfon ruwa yana gudana, ko ka rufe bawul ka tsiyaye ruwan tas.

Mataki na biyu: gwajin matsi

Naitirojin kawai. Kada ka kuskura ka sa oksijin na walda, domin in ya haɗu da mai a cikin matsi, fashewa yake yi. Iskar kwamfureson jirgi ma ba ta dace ba: jiƙaƙƙiya ce, kuma in ta gauraya da gas a matsi mai yawa tana iya kamawa da wuta. Silindar naitirojin tana iya ɗaukar bar 200, saboda haka ba a haɗa ta da inji sai ta bayan regileta, kuma a ɗaure ta da kyau kada tangaɗin jirgi ya kayar da ita.

Duba farantin jikin inji. Kamfani ya rubuta iyakar matsin ɓangaren zafi da na ɓangaren sanyi. In kana gwada duka a haɗe, ƙaramin adadin ne iyakarka, kuma kada ka kai matsin da bawul ɗin kariya zai buɗe. Tabbatar duk bawul na ciki a buɗe suke, har da masu aiki da lantarki, waɗanda akan buɗe da ɗan maganaɗisu, don kada wani sashe ya ɓuya.

Hau a hankali. Fara da bar 3, ka saurara. Babban rami da kunne ake jin sa. In shiru, ka kai rabin matsin gwaji, ka jira. Sannan ka kai ƙarshe, ka rufe silinda, ka cire tiyonta. Bari kamar minti 15 iskar ta daidaita da zafin wurin, sannan ka rubuta abu uku: matsi, zafi, da lokaci. Ƙaramin inji a ba shi aƙalla awa ɗaya. Babba a bar shi ya kwana.

Rubuta zafin nan yana da dalili. Matsin naitirojin yana bin zafi, hawa da sauka. Misali, ka bar inji a bar 20 da yamma, ɗakin yana digiri 30. Da asuba ɗakin ya sauka zuwa 22. Geji zai nuna kusan 19.4 ko 19.5 ko da babu yoyo ko kaɗan, domin a wannan matsin kowane digiri ɗaya yana tafiya da kusan 0.07 na bar. Wanda bai san wannan ba zai wuni yana neman ramin da babu shi. Akasin haka ya fi haɗari: ɗakin inji ya ƙara zafi saboda an tayar da janareta, zafin ya ɗaga allura daidai gwargwadon abin da ya zurare, ka ce lafiya lau.

Wasu sukan ce ai in bakiyum ya riƙe, babu yoyo. Wannan kuskure ne. Komai ƙarfin famfon zuƙa, bambancin ciki da waje bai wuce bar ɗaya ba, alhali inji a bakin aiki yana ɗaukar ninkin haka sau da yawa. Zuƙa tana jawo bakin mahaɗa ciki ta liƙe shi, matsi kuwa tura shi waje yake yi. Sannan in akwai rami, zuƙar da ka yi iskar gishiri ta cika maka inji da ita. Matsi ne farko, zuƙa daga baya.

Bin sawun yoyo

Fara da ido. Mai yana fita tare da gas, don haka duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura, ka tsaya a nan. Wuraren da suka fi yawan laifi su ne notin da ke ɗaure bakin bututu, zuciyar bawul ɗin geji da murfinsa, wuraren walda, gindin na'urorin auna matsi, gilashin leƙe, da inda bututu ke gogar ƙarfe ko ratsa bango. A manyan kwamfureso masu injin lantarki a waje, duba hatimin sandar juyawa. Kwance rufin soso inda ya jiƙe, domin tsatsa na son ɓuya a ƙarƙashinsa.

Shafa kumfa, ka ba ta lokaci. Babban rami yana busa ƙwai nan take. Ƙarami kuwa sai bayan mintuna zai tara fararen ƙwayoyi kamar ƙwan kwaɗo. Yi amfani da ɗan madubi ka ga bayan bututu. In ka gama, ka goge wurin da ruwa mai daɗi.

Na'urar shinshina ba ta jin naitirojin zalla. In da gas a inji, ka bi da bakinta ta ƙarƙashin mahaɗa, sannu a hankali, domin gas ƙasa yake gangarawa. In kuma kana amfani da gaurayen nan na kashi 95 naitirojin da kashi 5 haidirojin, da na'urarsa ta musamman, to ta sama za ka bi, domin haidirojin tashi yake yi. Duk inda na'ura ta yi kuka, ka tabbatar da kumfa kafin ka kunna wutar walda.

In ba ka ga komai ba, tuhumi kwandensa

Matsi na sauka, ka bi ko'ina ba ka samu ba: saura wurin da ido ba ya kaiwa. Tun inji na aiki akan ga alama, wato kumfa ko ɗan ƙyallin mai a ruwan da ke fita gefen jirgi. Don tabbatarwa, bar naitirojin a ɓangaren gas, ka rufe bawul ɗin ruwa, ka tsiyaye, ka cire tiyon shiga da na fita. Toshe baki ɗaya, ka ɗaura safar hannu ta roba ko balan-balan a ɗayan. In ta fara kumbura, bangon tsakiya ya huje.

A babbar kwandensa, kwance murafan gefe biyu, ka busar, ka shafa kumfa a farantin da bututan suka kafu, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya huje akan toshe shi ta baki biyu, amma kamfani yana da iyakar adadin da za a toshe kafin sanyi ya ragu. Tun da ka buɗe, duba sandunan tutiya da aka sa don tsatsa ta ci su a maimakon bututu. In sun cinye ba a canza ba, ka gano mafarin ciwon.

Gyara

A jirgi ba a kunna wuta sai da izinin aikin zafi, da abin kashe gobara a kusa. Saki matsin gaba ɗaya. Yayin walda, bar naitirojin yana ratsa bututun a hankali, kamar numfashi, don kada baƙin ɓawo ya taru a ciki ya je ya toshe bawul. Duk bakin da ka buɗe, ka rufe shi nan take. Gwangwanin mai ma haka. Sabuwar diraya ita ce ta ƙarshen ɗaurawa, kuma tsohuwar yanke ta ake yi, domin in ka sa mata wuta, ruwan da ta sha zai koma cikin inji. Bayan gyara, maimaita gwajin matsi daga farko. Yoyo ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba.

Mataki na uku: zuƙa

Famfon zuƙa ba ya tsotsar ruwa kamar famfon rijiya. Rage matsi yake yi har ruwa ya tafasa ba tare da wuta ba, sannan ya fitar da tururin. A matsin iskar waje, wato maikiron 760,000, ruwa na tafasa a digiri 100. In matsi ya sauka zuwa kusan 24,000, yana tafasa a digiri 25. Abin da ake nema shi ne 500 ko ƙasa da haka, sai in kamfani ya faɗi wani adadin. Allurar gejin yau da kullum ba ta iya bambanta 5,000 da 500, duka a ƙarshen layi take nuna su. Tsakanin adadin biyu kuwa akwai rayuwar kwamfureso.

Fara da gwada famfon shi kaɗai da gejin maikiron a bakinsa. In bai sauka ƙasa da 100 ba, canza masa mai. Cire zuciyar bawul ta ɓangaren zafi da na sanyi, domin zuƙa ta cikinta kamar shan kunu ne da tsinken tsintsiya. Haɗa gajerun tiyo masu faɗi a ɓangarorin biyu. Sa gejin maikiron a jikin inji, nesa da famfo, don ya faɗa maka halin da ciki yake ciki. Fitar da hayaƙin famfo waje. Da farko buɗe ɗan bawul ɗin gefen famfo mai hana tururi narkewa a mai, ka rufe shi in adadi ya yi ƙasa sosai.

Sauri kan haifi nawa. In akwai ruwa da yawa kuma matsi ya faɗi da gaggawa ƙasa da 4,600, ruwan yana iya daskarewa, ƙanƙara kuwa a hankali take bushewa. Geji zai nuna adadi mai kyau alhali ruwa na nan kwance. Maganinsa ɗumi: kunna abin ɗumama man kwamfureso, ka hura iska mai ɗumi a wuraren da ke ƙasa, ban da harshen wuta.

Ga injin da ya daɗe a buɗe, yi zuƙa uku. Sauka zuwa kamar 1,500, ka rufe famfo, ka shigar da naitirojin har matsi ya ɗan haura na waje, ka bar shi kamar minti 15 ya kwashi laima, ka sake shi. Maimaita. A karo na uku ka sauka har 500. Kuma muddin inji na cikin zuƙa, kada ka tayar da kwamfureso, kada ka gwada wayoyinsa da na'urar awo mai babbar wuta, domin tartsatsi na iya tsallakawa ya lalata shi.

Karanta abin da geji ke faɗa

Kaiwa 500 famfo yana gudu ba shi ne shaida ba. Rufe bawul tsakanin famfo da inji, ka zauna ka kalli geji minti 10 zuwa 15, fiye da haka in injin babba ne. Ɗaya daga abu uku za ka gani.

In ya ɗan hau ya tsaya ƙasa da 1,000, ciki ya bushe kuma a rufe yake. In ya hau da dama sannan ya lafa ya tsaya a wani wuri, laima ce ke ci gaba da tashi. Ka ci gaba da zuƙa. In ruwa ne sosai, zai tsaya can wajen 20,000 zuwa 30,000 gwargwadon zafin ɗakin. In kuwa yana ta hawa ba tsayawa, iska ce ke shigowa. Fara duba tiyo da mahaɗan kayan aikinka, in su lafiya, ka koma gwajin matsi.

In ruwan teku ya riga ya shiga

Wannan wani babi ne daban. Zuƙa tana fitar da ruwa, amma gishiri ba ya zama tururi, yana nan kwance yana jiran laima ta gaba. Alamunsa su ne mai ya zama fari kamar madara ko ya yi kore, da ruwa na fita in ka buɗe ƙasan bututu. Dole a canza kwandensa ko a gyara ta, a zubar da mai, a wanke bututai da ruwan wanki na musamman, a hure su da naitirojin, a canza bawul mai tsuke gas. Rufaffen kwamfureso da ya sha ruwan gishiri galibi sai sabo. Man famfon zuƙa zai riƙa yin fari, ka canza shi duk sanda ya yi. Sa babbar diraya a layin ruwan gas da wata a layin komawa, ka canza su bayan kwana ɗaya zuwa uku na aiki, ka gwada mai da kayan gwajin asid har sai ya fita tsaf. Faɗa wa mai jirgi gaskiyar kuɗin tun farko. Ya fi masa sauƙi a kan sayen kwamfureso sau biyu.

Zuba gas da rufe aiki

Zuba da sikeli, daidai nauyin da ke kan faranti, famfon ruwan teku yana gudana. Gaurayen gas irin su R-407C da R-410A a ruwansu ake fitar da su daga tukunya, don kada gaurayen ya sauya. Mayar da zuciyar bawul, ka ɗaure murafai, ka sake bi da na'urar shinshina. Bayan inji ya yi wuni yana aiki, leƙa gilashi: a yawancinsu kore na nufin bushewa, rawaya na nufin laima. Wanke rariyar ruwa kafin ka tafi.

Sannan ka rubuta komai a littafin jirgi: inda yoyon yake, matsin gwaji da zafinsa, adadin maikiron da ka kai da inda ya tsaya, irin gas da nauyinsa. Wanda zai buɗe injin nan bayanka, wataƙila a wata ƙasa, da wannan rubutu zai san inda zai fara.

A gari, in esi ya sake lalacewa, mai gida waya zai buga maka ka dawo da yamma. Jirgi kuwa in ya saki igiya ya bar gaɓa, babu mai kiran ka. Ma'aikatan da ke kwana a ɗakunan ƙarfe cikin zafin tekun Gini, da na'urorin tuƙi masu buƙatar sanyi, duk sun dogara ne da mintuna goma sha biyar ɗin nan da ka zauna gaban geji bayan ka rufe bawul. Kada ka tashi sai adadin ya tsaya.